Zuwa Timiya daga Agadas: ware kwana huɗu, ka nemi mai masauki

Tambaya: Ni malamin makaranta ne daga Maradi, an kawo ni aiki Agadas. Ina so in kai iyalina Timiya mu ga lambuna, mu sha nono, mu sayo cuku. Na ji kilomita 220 ne kawai. Za mu iya fita da safe mu dawo da dare?

Amsa: Malam, a'a. Wannan lissafin na mutumin da ya saba da kwaltar Maradi zuwa Damagaram ne. Hanyar Timiya, wadda ke bi ta Dabaga da Elmeki, ta duwatsu ce da rairayin ƙorama, kuma akwai wuraren da mai tafiya a ƙasa zai iya jerawa da mota. Zuwa kaɗai yini guda ne, in Allah ya kiyaye taya. Ka ware kwana huɗu: ɗaya na zuwa, biyu na zama, ɗaya na dawowa.

Kafin ka nemi mota, zaɓi lokaci. Daga Yuli zuwa Satumba ka haƙura. Ruwan Abzin ba shi da yawa, amma dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba gangarowa yake yi lokaci guda. Kana tsaye cikin busasshiyar ƙorama, sama tas babu hadari, sai ka ji ruri daga nesa, ashe an yi ruwa a kan tudu. Saboda haka ko da rani direbobin yankin ba su son yada zango a tsakiyar ƙorama, duk da taushin rairayinta. Disamba da Janairu kuma lemu ya nuna, amma sanyin dare a can ba irin na Maradi ba ne, yana kusan daskarar da ruwa. Ga mai tafiya da yara, ni Nuwamba nake zaɓa: hanya ta bushe, zafi ya sauka, awaki kuma ba su gama cin moriyar ciyawar damina ba, don haka nono bai yanke ba.

Batun nono na son bayani. Mutanen Timiya Abzinawa ne, Kel Ewe, kuma aiki a rabe yake a wurinsu. Wasu mazan na lambu, wasu na bin ayarin raƙuma da ke tashi wajen Oktoba zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino, daga nan su gangara ƙasar Hausa neman hatsi. Awaki kuwa na mata ne, kuma sau da yawa suna can ruga bayan gari. To cinikin cuku na uwargidanka ne, ka bar ta ta shiga wurin ƴan'uwanta mata. Cuku mai kyau falle ne siriri, ya bushe ƙayau, in ka karya shi sai ya ce ƙas, babu ɗigon funfuna a jikinsa. Kada ku ƙulle shi a leda, zai yi gumi ya lalace; ƙyalle mai tsabta ya fi. Nonon da aka tatso yanzu kuma a tafasa shi kafin yara su sha, domin akwai zazzaɓi mai naci da ake ɗauka daga ɗanyen nonon akuya. Na raƙumi ku fara da kurɓi kaɗan, yana sakin cikin wanda bai saba ba. In an kawo muku furar gero da aka daka da cuku da dabino, ku sha sosai, guzurin ƴan ayari ke nan.

Direba ya zama ɗan ƙasa, mota ta zama kat-kat, da tayar canji biyu, da man zuwa da dawowa, da jarkokin ruwa. Ka je wurin jandarmomi a Agadas ka tambayi halin da hanya ke ciki a makon, ba abin da aka ji bara ba, tun da ƴan fashi kan tare hanyoyin arewa. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a wasu sassan Abzin, saboda haka mota ba ta barin sawun da kowa ke bi, komai kyan yanke. Waya ma ba ko'ina take kamawa ba, ka gaya wa wani ranar da za ku dawo.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne mai masauki. A kasuwar Agadas, wajen masu sayar da lemu da rumman, ba za ka rasa ɗan Timiya da zai haɗa ka da gidansu ba. Ka tafi da ganyen shayi da sukari da shinkafa. In an zauna shayi, kofi uku ne, ba a tashi a na farko. Lambu kuma ba daji ba ne: kowace bishiya da mai ita, wanda ya jawo mata ruwa daga rijiya, da raƙumi ko da injin. A yi sallama, a bari ya tsinko da hannunsa.

Ku tafi da gas ko gawayinku, kada ku sare itace. Aduwar da ka gani a gefen dutse ta daɗe kafin ta kai haka, kuma ganyenta ne abincin awakin da kuka zo shan nononsu. Tun 1988 babban yanki na Abzin da Tenere ke ƙarƙashin dokar kariya, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991.

Da safe ku hau tudun da Faransawa suka gina ganuwar Masu, daga can za ku ga koren lambuna miƙe tsakanin baƙaƙen duwatsu. Akwai kuma magangarar ruwa da ɗan nisa daga gari, tafkinta kuma da zurfi, a riƙe hannun yara. Kufan Asode, tsohon birnin Abzin, na kan hanyar Iferwan. In kuna son ganin sa, ku ƙara kwana ɗaya, ku kuma ƙara jarkar mai.