Idan Ruwa Ya Shiga Fitilar Motarka: Abin Yi Kafin Ka Sayi Wata

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Malumfashi bayan magariba a watan Agusta, ya biyo ta Bakori zuwa Funtua ana ruwa, ya san wahalar tuƙi da fitila mai dishi-dishi. Ga masu babur, ga shanu na tsallaka titi, ga ramuka cike da ruwa. Yawancin motocinmu kuwa tsofaffi ne, su Golf da Peugeot 406 da Sharon, 'yan Beljiyam da suka sha aiki a Turai kafin su zo nan su fara dakon masara da auduga. Zafin rana da jijjigar hanya suna busar da gam ɗin da ya riƙe gilashin fitila, da damina ta sauka sai ruwa ya samu ƙofa. Gyaran bai fi ƙarfin maigida mai haƙuri ba.

1. Ka fara bambance raɓa da yoyo. Idan da safe ka ga ɗan hazo a cikin gilashin, kunna fitila kamar minti 20. In ya washe, raɓa ce, ka bar ta. Amma in ka ga ɗigon ruwa yana gangarowa, ko ruwa ya kwanta a ƙasan fitilar, to akwai inda yake shiga.

2. Buɗe bonet ka duba bayan fitilar kafin ka kwance komai. Akwai murfin roba da ke rufe wurin da ƙwai yake shiga. Sau da yawa an canza ƙwai ne a bakin hanya cikin gaggawa, aka mayar da murfin a karkace, ko aka manta da shi gaba ɗaya. Idan ya tsage, nemi wani wurin masu sayar da kayan gyara. Wannan kaɗai kan kashe maganar.

3. Idan murfin lafiya lau yake, cire kan batir, ka kwance fitilar. A wasu motocin sai an sassauta bamba, don haka in ba ka saba ba, kira mai wayarin. Ka cire ƙwai, ka ɗauki buta ka riƙa zuba ruwa sannu a hankali a kan layin da gilashi ya haɗu da jikin fitila, wani yana leƙen ciki. Inda ɗigo ya fara ɓullowa, sa masa alama. Ka duba kunnuwan da ake ɗaure noti ma, domin motar da ta taɓa ɗan karo nan take tsagewa.

4. Busar da cikinta sarai. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya taɓa cinye mini fitila. Wani mai gyara ya shafe mini ita da gam ta ko'ina alhali da danshi a ciki. Bayan mako biyu madubin da ke ƙyalli a cikin fitilar ya yi baƙi-baƙi kamar gindin tukunya, soket ya yi kore, sai ga fis yana ƙonewa. An kulle ruwa a ciki, bai da mafita. Ka zazzage ruwan, ka shanya fitilar a rana yini guda, ramin ƙwai a buɗe. In akwai na'urar busar da gashi a gidan, ta fi sauri, amma kada ka manna ta a jikin roba. Madubin nan na ciki kuwa kada ka kuskura ka goge shi da tsumma. Fentinsa siriri ne ƙwarai, shafa ɗaya yake barewa, kuma ba ya dawowa.

5. Zaɓen gam na bukatar natsuwa. Sufa gulu ba na wannan aikin ba ne: yana ƙandarewa ya fashe da jijjiga, tururinsa kuma yana sa gilashi ya yi fari. Silikon mai wari mai tsami, mai hawa hanci, shi ma ka guje shi, domin yana cin ƙarfen soket. Nemi baƙin gam mai danƙo irin wanda kamfani ya sa tun asali, ko silikon marar wannan warin. Kankare tsohon gam da ya bushe, wanke layin, bari ya bushe, sannan ka ja sabo siriri ba tare da yankewa ba, ka danna shi da yatsa. In ka cire 'yan ƙarafan da ke matse gilashin, ka mayar da su. Ka ba shi awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi.

6. A bayan fitila akwai ɗan bututun roba mai lanƙwasa, ko ƙaramin rami. Hancinta ke nan, ta nan tururi ke fita. Kada ka toshe shi da gam. In ƙura ta cika shi, zare shi ka hure. Masu huda ƙasan fitila da ƙusa mai zafi don ruwa ya tsiyaye, ban goyi bayansu ba. Ramin da ya fitar da ruwa da damina, shi zai shigo da ƙurar hunturu.

7. Kada ka kama gilashin ƙwai da hannu. Maiƙon yatsa yana rage masa kwana. Riƙe shi ta gindi. Kuma ka tsaya a kan ƙarfin da aka yi wa motar. Ƙwan H4 na asali wat 60/55 ne. Mai wat 100 yana narka soket da robar fitila.

8. Bayan ka ɗaura, faka motar a wuri mai daidai tana fuskantar bango da dare, ka saita hasken biyu su yi kai ɗaya, kada ka makantar da mai zuwa. A wurin wanki kuma ka ce wa yaran su daina harba tiyo kai tsaye a bakin fitila.

9. Idan madubin ya riga ya bare, ko jikin ya farfashe, daina ɓarnar gam. Ana samun ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna. Ka tafi da tsohuwar a hannu don a gwada, ka kuma leƙa cikin wadda za a ba ka ko akwai shatar ruwa.

Don Allah, kafin gyaran ya kammala, kada ka hau hanyar Zariya ko ta Gusau da dare da ido ɗaya. Mai zuwa daga nesa zai ɗauka babur ne.