Kiski da Tattabara: Darasi ga Masu Neman Aure

Karatu: Ayuba 12:7-10, Afisawa 5:25-33

Sa'ad da abokan Ayuba suka dame shi da yawan magana, ya ce musu su je su nemi koyarwa wurin dabbobi da tsuntsaye. Mai bi da ke zaune a Sabo ta Mokola, unguwar da aka keɓe wa Hausawa a Ibadan tun 1916, ba ya bukatar tafiya nesa kafin ya sami irin waɗannan malamai. Ɗaya yana kan katanga, ɗaya kuma yana kan rufin kwano.

Na kan katanga shi ne kiski, wato babban namijin ƙadangare. A 1964 masanin dabbobi Vernon Harris ya wallafa littafi a kan rayuwar ƙadangare, bisa abin da ya lura da shi a Ibadan. Kiski yakan kama yankinsa, ya kori duk wani kiski abokin hamayya daga ciki. Idan rana ta ɗaga, kansa yakan yi ja, jikinsa ya yi shuɗi, ya hau wuri mai tudu yana gyaɗa kai domin mata su gan shi. Da dare kuwa wannan ado yakan dushe. Bayan barbara, aikinsa ya ƙare. Macen ce kaɗai za ta tona rami a ƙasa mai laima, ta saka ƙwai kamar 5 zuwa 7, ta rufe. Bayan mako 8 zuwa 10 'ya'yan su fito, ba wanda ke jiransu.

Namijin tattabara ma yana da nasa ado. Yakan kumbura wuya, ya sunkuyar da kai, ya ja wutsiya a ƙasa, yana kewaya macen yana kuka. Amma idan ta amince, daga nan aikinsa yake somawa. Shi ke kawo tsinke, ita tana shirya sheƙa. Takan saka ƙwai 2, su yi kwanci bi da bi na kwana 18 ko kusa da haka: shi da rana, ita da dare. Idan aka ƙyanƙyashe, dukansu biyu suna ciyar da 'ya'yan da wani farin abinci mai kama da kindirmo da ke fitowa daga maƙogwaronsu.

Kiski ba mai zunubi ba ne, tattabara kuma ba mai adalci ba ce. Kowannensu yana bin halin da Mahalicci ya sa masa. Mutum ne kaɗai aka ba shi ikon yin alkawari, shi ne kuma za a tambaya a kansa. Bulus ya auna ƙaunar miji da ta Almasihu, wanda ya ba da ransa domin ikkilisiya.

Wannan darasi ya shafi matasan ikkilisiya da neman abinci ya kawo su kudu, nesa da iyaye. A gida ana sanin asalin saurayi da halinsa. A bariki kuwa sabuwar riga, da toshi, da daɗin baki sukan isa su rufe ido. Budurwa ta lura: yana riƙe da sana'a? Ya yarda a sanar da iyaye da dattawan ikkilisiya? Yana haƙuri har ranar ɗaurin aure? Saurayi kuma ya auna kansa, ko a shirye yake ya ɗauki nauyin gida bayan biki ya watse. Hausawa sun ce kyan alkawari cikawa.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Wace alama ce ke nuna saurayi zai tsaya bayan ado ya dushe?
2. Ta yaya dattawa da zumuntar mata za su tsaya a madadin iyayen da ke nesa?

Addu'a: a roƙi Ubangiji ya ba matasa idon ganewa da zuciyar cika alkawari.