Ɗan da ba a ɗauka ta hammata

'Yata, tunda likitocin fata na Asibitin Malam Aminu Kano sun duba yaron nan sun ce larurar da suke kira epidamolisis bulosa ce, to ki sauke zargin kowa daga zuciyarki. Ba sammu ba ne, ba baki ba ne, ba kuma wutar aljanu ba ce kamar yadda 'yan barka suka riƙa raɗawa a tsakar gida. Gado ce. Fatar mutum hawa-hawa take, akwai abin da ke riƙe ta sama da ta ƙasa, shi kuwa wannan riƙon ne Allah Ya yi masa da rauni. Gogayya kaɗan sai fatar ta rabu, ruwa ya taru, bororo ya tashi. Cikin haihuwa kamar 50,000 ake samun ɗaya, shi ya sa ungozomar da ta tsufa a sana'arta ma sai ta ce miki ba ta taɓa gani ba. Ba a ɗaukar ta a wajen taɓawa ko cin abinci, don haka ki bar yayyensa su zauna kusa da shi.

Yawancin abin da muka koya muku na reno, a kan wannan yaro sai an sake shi. Kada a ɗaga shi ta hammata. Ki mirgina shi kaɗan, hannu ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, ɗaya ƙarƙashin wuya da kai, ko ki ɗauke shi da 'yar katifarsa gaba ɗaya. Goyon da ake tamke majanyi a yi ta aiki, zufa na jiƙa shi, ki haƙura da shi. Ruwan zafin jego naki ne ke kaɗai, nasa mai ɗumi-ɗumi ne, ba soso, ba dirza, ba murza gaɓoɓi. Riga ta auduga mai laushi, a juya ta bai-bai don kada ɗinki ya ci shi. Zafi abokin gabarsa ne, kin kuma san bazarar Kano daga Maris zuwa Mayu, da yadda ɗakunanmu na cikin badala ke riƙe zafi har dare. Ki nema masa inda iska ke ratsawa.

Yanzu ga inda za ki ji tsoro, kuma dole ki yi. Bororon ƙuna an ce kada a fasa, gaskiya ne. Na wannan larura daban yake: in aka bar shi, ruwan ciki zai yi ta tura fata yana faɗi, wanda ya kwana kamar ƙwayar wake ya wayi gari ya cinye tafin ƙafa. Ki wanke hannu da sabulu, ki ɓare sabuwar allurar sirinji daga ledarta, ki huda gefen bororon ta ƙasa, allurar a kwance, ta shiga ta fita. Sai ki sa bandeji mai tsabta ki danna a hankali ruwan ya tsiyaye. Fatar da ta rufe shi kada ki ɗaye ta, ita ce murfinsa. A karon farko ki yi a gaban ma'aikaciyar jinya, ta ga hannunki. Kuma kullum, safe da yamma, ki duba shi kaf, har bayan kunne da matsematsi.

Filasta kuwa ki ɗauka babu ita a duniya. Duk abin da ke mannewa, ranar cirewa da fata zai taho. Haka audugar kemis mai gashi-gashi, tana maƙalewa a miki. Abin da ake ɗorawa shi ne bandeji mai raga da aka jiƙe da basilin, a sa wani mai taushi a kai, a naɗe ba matsi, in za a liƙe a liƙe bandeji a kan bandeji. Akwai na musamman da ba ya kama fata sam, amma yana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. Basilin mai yawa yana rufa asiri. In bandeji ya kama, kada ki ja ko da kina sauri. Ki jiƙa shi ki jira ya saki da kansa. Ruwan jiƙawar shi ne wanda aka tafasa ya huce, lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, a zuba gishiri giram 9, kamar cokalin shayi ɗaya da rabi. Wannan awon ya fi ruwa zalla rage zogi. Ki ba shi maganin zafin da likita ya auna masa kamar rabin awa kafin ki fara, ki jera komai a faranti tukuna, ki yi gaɓa ɗaya ki gama sannan ki buɗe wata, don kada ya yi ta shure-shure yana goga miki da miki. In ciwon a yatsu yake, kowane yatsa a naɗe shi daban, domin a nau'in mai tsanani yatsu kan haɗe in suka warke a manne.

Za a kawo miki magani, wannan babu shakka. Wata ta zo da garin sassaƙe, wata da toka, wata ta ce a fasa kafso a barbaɗa. Da ƙauna suke yi, ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, amma kada ya taɓa mikin. In an matsa miki, ki ce ni na hana, na ɗauki laifin. Addu'a da tofi ki yi iya yinki. Wanzami ma a sallame shi da haƙƙinsa ba tare da ya zaro aska ba: ba cire beli, ba tsaga, kaciya kuma sai likita ya tsara. Rigakafi dai a yi masa duka, a roƙi mai allurar kada ta murza wurin.

Jikin da kullum yake gyaran fata yana cin abinci fiye da na sa'anninsa. Ki ba shi nono sosai, ki shafa basilin a kan nonon da leɓensa don rage gogayya. In ya isa cin abinci, mai laushi wanda ya huce: kunun gyaɗa, ƙwai, wake da aka dama, alayyafo. Yaran nan suna yawan fama da ƙarancin jini da taurin bayan gida, ki riƙa faɗa wa likita da wuri.

Masu mota da lasifika a bakin Kasuwar Rimi da masu talla a Facebook, duk wanda ya ce yana da maganin da zai raba yaron da larurar, kuɗinki yake so. Har a Turai kulawar yau da kullum ce jigon abin. Ƙungiyar DEBRA da ta fi kowa tattara ilimin wannan kulawa, wata uwa ce, Phyllis Hilton, ta kafa ta a Ingila a 1978 saboda 'yarta. Sai a 2023 Amurka ta amince da wani man shafawa, Vyjuvek, shi ma na nau'i ɗaya ne, ba ya kawar da larurar, kuɗinsa kuma ba na irinmu ba ne.

Ku je ke da maigidanki ku tambayi wane nau'i ne, don manyan nau'o'in huɗu ne kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. A wasu, kamar sikila, sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, sannan kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci irin naku yana ƙara yiwuwar haɗuwar, amma wannan ba hujjar nuna wa dangin kowa yatsa ba ce. Maigidan naki ma ya koyi naɗa bandejin, ranar da kika kwanta ciwo kada yaro ya rasa mai yi masa.

In kika ga zazzaɓi, ko mugunya, ko wari, ko ja yana yaɗuwa a gefen miki, ko ya ƙi kama nono, ko kukansa ya dishe, kada ki jira gari ya waye. Daga nan Ƙofar Nassarawa asibitin yara na Hasiya Bayero ba nisa, adaidaita zai kai ki. Ki tafi da basilin da bandejinki a jaka da takardar da likitan fata ya rubuta, kuma tun kafin a taɓa shi ki faɗa musu da ladabi cewa ba a sa masa filasta, ko da a wajen ƙarin ruwa ne.