Tsarin Shugabanci da Zaɓen Manhajar Lissafin Kuɗi a Kamfanonin Ƙasa da Ƙasa: Darasi Daga Kamfanin Nestlé

Gabatarwa

Dunƙulen Maggi da garin Milo da madarar Nido duk kayan kamfani ɗaya ne, wato Nestlé, wanda hedkwatarsa take a garin Vevey na ƙasar Suwizalan. Kamfanin ya samo asali ne tun cikin shekarun 1860, kuma yana da masana'antu fiye da 300, yana kuma sayar da kayansa a ƙasashe fiye da 180. Duk cinikin da rassansa suka yi, ko da naira ne ko da sidi ko da dala, wajibi ne a ƙarshen shekara ya bayyana a cikin rahoto guda ɗaya, da kuɗin faran na Suwizalan, domin masu hannun jari su san ko riba aka ci ko asara aka tafka. Manhajar kwamfuta ce ke ɗauke da wannan nauyi. Wannan maƙala za ta nuna cewa kafin kamfani ya iya zaɓar manhajar da ta dace da shi, sai ya fara warware wata tambaya ta shugabanci: wane ne ke da ikon yanke hukunci, hedkwata ko reshe?

Ire-iren Tsarin Shugabanci

A shekarar 1962 wani masanin tarihin kasuwanci ɗan Amurka, Alfred Chandler, ya wallafa nazarin da ya yi a kan manyan kamfanoni irin su DuPont da General Motors, inda ya nuna cewa tsarin shugabancin kamfani yana bin manufar kasuwancinsa ne. Gwargwadon yadda kamfani ya faɗaɗa harkarsa, gwargwadon yadda yake sake rarraba iko. Masana sun kasa irin wannan tsari zuwa manyan gidaje uku.

Na farko shi ne tsarin sassan aiki. A nan akwai sashen saye, da sashen sarrafa kaya, da sashen sayarwa, da sashen kuɗi, kuma kowane sashe yana miƙa rahotonsa ga shugaba ɗaya. Wannan tsari ya fi dacewa da kamfanin da ke yin kaya iri ɗaya a kasuwa ɗaya.

Na biyu shi ne tsarin rassa, inda ake kasa kamfani bisa nau'in kaya ko bisa yankin ƙasa, a ba kowane reshe manajansa da sassansa, a kuma auna shi da ribar da ya kawo. DuPont ya koma wannan tsari a 1921, bayan da kayansa suka yi yawan da shugabanci ɗaya ya kasa sa musu ido.

Na uku shi ne tsarin saƙa, wanda ya haɗa biyun kamar zaren tsaye da na kwance a masaƙa. Manaja ɗaya yana da iyayen gida biyu: shugaban ƙasar da yake aiki, da shugaban nau'in kayan da yake kula da shi a duniya baki ɗaya. Kamfanin injiniya na ABB, wanda aka kafa a 1988, ya yi suna da wannan tsari.

Abin lura shi ne kowane tsari yana buƙatar rahoton kuɗi irin nasa. Mai tsarin rassa yana son sanin ribar kowace ƙasa. Mai tsarin saƙa kuwa yana son a ce ciniki ɗaya ya bayyana ta fuska biyu, ta fuskar ƙasa da ta fuskar kaya, kuma jimillar biyun ta zo daidai.

Abin da Ke Wahalar da Lissafin Kamfanin Ƙasa da Ƙasa

Tushen lissafin kasuwanci bai sauya ba tun lokacin da Luca Pacioli ya bayyana shi a littafinsa da aka buga a birnin Venis na Italiya a 1494: kowace hulɗa ana rubuta ta sau biyu, ɓangaren da ya karɓa da ɓangaren da ya bayar. Amma da zarar kamfani ya tsallaka iyakar ƙasa, sai matsaloli uku su kunno kai.

Ta farko ita ce bambancin dokoki. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari a Tarayyar Turai suna bin ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya, da aka sani da IFRS, tun 2005, kuma Nijeriya ta fara aiki da su a 2012. Amurka tana da nata ƙa'idojin daban. Nijar da Kamaru da Chadi kuma suna cikin ƙasashen ƙungiyar OHADA, waɗanda ke da jadawalin asusu na bai ɗaya da doka ta wajabta. Ke nan reshen da ke Kamaru zai rubuta lissafinsa yadda hukumar ƙasar take so, sannan ya sake fito da shi yadda hedkwata take so.

Ta biyu ita ce bambancin kuɗi. Reshe yana ciniki da kuɗin ƙasarsa, yana iya cin bashi da dala, hedkwata kuma tana lissafi da wani kuɗin. Bayan faɗuwar darajar naira a 2023, Nestlé na Nijeriya ya bayyana asara a wannan shekara duk da cewa cinikinsa ya ƙaru, saboda bashin da ke kansa na kuɗin waje ya kumbura da aka ƙiyasta shi da naira.

Ta uku ita ce ciniki tsakanin rassa. A ɗauka, alal misali, reshen wata ƙasa ya kashe dala 80 wajen sarrafa buhun garin madara, ya sayar wa ɗan'uwansa reshe a kan dala 100, kuma shekara ta ƙare buhun yana sito ba a sayar ba. A littafin reshen farko an ci ribar dala 20. A wurin uwar kamfani kuwa ba a ci ko sisi ba, domin kaya sun tashi ne daga aljihun dama zuwa na hagu. Wajen haɗe lissafi dole a soke cinikin dala 100, a kuma cire ribar dala 20 daga ƙimar kayan da ke sito. Kwamfuta ba za ta iya yin wannan da kanta ba sai idan rassan biyu sun kira buhun da lamba ɗaya, sun kuma shigar da cinikin a wata ɗaya.

Hanyoyi Uku na Zaɓe

Hanya ta farko ita ce a bar kowane reshe ya sayi manhajar da ya ga dama, sannan hedkwata ta ajiye wata manhaja ta musamman mai tattara alƙaluman da rassa suka aiko a ƙarshen wata. Wannan yana ba reshe 'yanci, amma hedkwata jimilla kaɗai take gani, ba ta ganin abin da ke ƙarƙashinta.

Hanya ta biyu ita ce manhaja ɗaya ga kowa, irin wadda ake kira ERP, wato manhajar da ke haɗa saye da sito da sarrafa kaya da sayarwa da albashi da lissafi a rumbun bayanai guda. Da an shigar da kaya sito, nan take bashin mai kawo kayan zai bayyana a kundin akanta. Fitaccen mai yin irin wannan manhaja shi ne SAP, kamfanin Jamus da wasu injiniyoyi biyar, tsofaffin ma'aikatan IBM, suka kafa a 1972. Manhajarsa ta R/3 da ta fito a 1992 ita ce ta mamaye manyan kamfanoni a waɗannan shekaru. Oracle da Microsoft su ma suna cikin wannan kasuwa.

Hanya ta uku ita ce ta tsakiya: hedkwata da manyan rassa su hau babbar manhaja, ƙananan rassa kuma su yi amfani da mai sauƙi da araha, muddin jadawalin asusunsu ya dace da na hedkwata.

Darasi Daga Reshen Amurka

Nestlé ya daɗe yana ba rassansa 'yanci mai yawa, kuma da dalili, domin abinci abu ne na al'ada. Ɗanɗanon da ake so a Legas daban yake da wanda ake so a Tokiyo. Sai dai wannan 'yanci bai tsaya a ɗanɗano ba, ya shiga har cikin littattafan akawu.

A 1997 wani kwamiti a reshen Amurka ya gano cewa sassan kamfanin suna sayen fanila, sinadarin ƙamshin nan da ake sa wa alawa da askirim, daga hannun mai kawo kaya guda ɗaya, amma a kan farashi 29 daban-daban. Dalili kuwa shi ne kowace masana'anta ta ba fanila lambar da ta ga dama, don haka babu mai iya kwatanta abin da wannan ya biya da abin da wancan ya biya. An kuma tarar da manyan kundayen lissafi har guda 9 a cikin reshe ɗaya. A ƙarshen wannan shekara aka ƙaddamar da wani shiri mai suna BEST domin ɗora reshen duka a kan manhajar SAP.

An yi aikin cikin gaggawa saboda ana son kammalawa kafin shigowar shekarar 2000, lokacin da ake fargabar tsofaffin kwamfutoci masu rubuta shekara da lamba biyu za su rikice. An cika wa'adi, amma gaggawa ta haifi nawa. Ba a tuntuɓi ma'aikatan da za su yi aiki da manhajar ba, saboda haka ba su fahimci sabuwar hanyar aikin ba, balle na'urar. A cikin ma'aikatan da ke hasashen yawan kayan da kasuwa za ta buƙata, yawan masu barin aiki ya kai kashi 77 cikin ɗari. Bugu da ƙari, ɓangarorin manhajar ba su jitu da juna ba. Idan jami'in sayarwa ya yi wa abokin ciniki ragi, sashen karɓar bashi ba ya gani, sai ya ɗauka mutumin bai cika kuɗi ba.

A watan Yuni na 2000 aka dakatar da aikin. Shugabannin sassa suka zauna suka sake lale: a fara yarda da hanyar aiki ɗaya, a samu goyon bayan masu riƙe da sassa, sannan a tsayar da ranar kammalawa. Aikin ya ci fiye da dala miliyan 200, amma zuwa 2002 reshen ya bayyana cewa ya rage kashe kuɗi da dala miliyan 325, galibi saboda ingantaccen hasashe ya rage tara kaya a sito.

Shirin GLOBE

A daidai wannan lokaci, a shekarar 2000, uwar kamfanin a ƙarƙashin shugabancin Peter Brabeck-Letmathe ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 200 da SAP, ta kuma ƙaddamar da shirin GLOBE domin dukkan rassanta na duniya. Shirin yana da ginshiƙai uku: daidaita hanyoyin aiki, daidaita bayanai, da daidaita na'urori. Jerin nan yana da ma'ana, domin na'ura ce ta zo a ƙarshe. An ɗauko gogaggun ma'aikata daga rassa daban-daban suka zauna a Vevey suka tsara yadda za a riƙa saye da sayarwa da rufe lissafin wata. An tsefe rajistar kaya da ta masu kawo kaya da ta abokan ciniki, aka zubar da maimaici da sunayen da aka daina hulɗa da su. An gwada tsarin a kasuwanni kaɗan kafin a bazu zuwa sauran, kuma aikin ya ɗauki shekaru.

Sakamakon shi ne an ja layi tsakanin iko iri biyu. Abin da mai saye yake gani ko yake ɗanɗanawa, kamar haɗin kaya da girman ƙunshi da talla, an bar wa reshe babban rabo a cikinsa. Abin da mai saye ba ya gani, kamar lambar kaya da jadawalin asusu da ranar rufe littafi, ya koma hannun hedkwata. Manajan ƙasa ya rasa wani yanki na 'yancinsa, tun da yanzu ana iya kwatanta kuɗin da yake kashewa da na takwaransa a wata nahiya.

Idan Kamfani Ya Ƙi Sauyawa

Kamfanin kantuna na Lidl a Jamus ya nuna ɗaya fuskar. Ya fara aikin ɗora harkar kayansa a kan manhajar SAP a 2011, ya watsar da shi a 2018, bayan an ba da rahoton kashe kimanin yuro miliyan 500. Daga cikin dalilan da aka bayyana akwai cewa Lidl ya saba ƙiyasta kayan sitonsa da farashin saye, manhajar kuwa an gina ta ne bisa farashin sayarwa. Maimakon kamfanin ya sauya al'adarsa, sai aka yi ta yi wa manhajar kwaskwarima har tsadarta ta fi ƙarfin amfaninta. Wannan bai nuna cewa al'adar Lidl kuskure ba ce. Abin da ya nuna shi ne ya kamata a gano irin wannan saɓani kafin a sa hannu a kwangila.

Kammalawa

Ɗalibin ilimin akanta ko na gudanarwa zai iya auna kowane zaɓen manhaja da tambayoyi huɗu. Shin rassan kamfanin suna hulɗa da masu kawo kaya da abokan ciniki iri ɗaya? Yaya yawan cinikin da suke yi a tsakaninsu? Dokokin ƙasashe nawa lissafin zai gamsar? Kuma shin hedkwata tana da ƙarfin da za ta sa manajojin rassa su bi hanya ɗaya? Inda rassa suke cuɗanya sosai kuma hedkwata take da ta cewa, manhaja ɗaya tana biyan kuɗinta. Inda uwar kamfani ta mallaki sana'o'in da ba su da alaƙa da juna, ko take yawan saye da sayar da rassa, tilasta musu manhaja ɗaya ɓarnar dukiya ce, kuma tattara jimilla a ƙarshen wata ya wadatar. Ana sa ran wannan muhawara za ta ci gaba da zafi, domin SAP ya sanar da cewa a ƙarshen 2027 zai kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga tsohuwar manhajarsa ta ECC, abin da ya sa dubban kamfanoni suke sake duba yadda suka raba iko tsakanin hedkwata da rassa kafin su ƙaura zuwa sabuwa.