Yadda Ake Haɗa Wa Ɗan Robot Wuta Da Sauti

Matashin da ke Birnin Kudu ko Gwaram, in Arduino ɗinsa ya ƙone, galibi sai ya yi odar wani daga Kano. Shi ya sa ya kamata ya san ƙa'idar wayarin kafin ya jona batir.

Wuta: Arduino Uno da volt 5 yake aiki, amma ƙofar VIN tana karɓar volt 7 zuwa 12. Batir 18650 guda biyu, irin na cikin tsohuwar laftof, in aka jera su kai da gindi suna ba da volt 7.4.

Babban kuskure shi ne jona moto mai juya taya kai tsaye a jikin Arduino. Kowace ƙafarsa milliamp 20 aka tsara mata, moto kuwa yana jan ninkin haka sau da yawa. Sai a sa L298N a tsakani, moto ya sha wutarsa daga batir, sannan a haɗe GND ɗinsu wuri guda.

Sauti: Ƙaramar buza tana hawa ƙafa ta 8 da GND, umarnin tone(8, 1000) ya sa ta ƙara. Mai son robot ɗinsa ya yi sallama kuwa, sai ya naɗi muryarsa a waya, ya zuba MP3 ɗin a katin memori, ya sa a DFPlayer Mini da sifika mai watt 3. Resista 1k a ƙafar RX tana rage shuuu ɗin da ke fita.

A cire batir kafin a taɓa kowace waya.