Mintunan Farko: Koya wa Ɗalibai Farfaɗo da Zuciya

Idan zuciyar mutum ta tsaya a Ƙofar Dumi, kafin a tsayar da keke napep a isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa, gama ba ta jure rashin jini fiye da minti 4 zuwa 6. Ransa yana hannun na kusa da shi, wanda sau da yawa ɗan sakandare ne. Saboda haka a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan koya wa yara wannan aiki daga shekara 12, awa 2 kowace shekara.

Ga darasin. Wanda ya faɗi, ba ya amsa kira, ba ya numfashi daidai, a aiki wani neman taimako. A kwantar da shi rigingine a ƙasa, a ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a bisa, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Yayyafa ruwa da fifita da aka saba yi ba sa tura jini.

Bidiyon waya yana nuna wa ɗalibi mazaunin hannu, ya maimaita kallo yadda yake so. Manhaja mai ƙidaya bugu kuma tana daidaita masa sauri. Amma kallo kaɗai ba ya koya wa kafaɗa nauyin aikin. Iyaye su sa yaro ya durƙusa ya gwada a kan mutum-mutumin roba ko matashin kai mai tauri, ba a kan ƙaninsa ba.