Auna gyaɗa kafin ta shiga turmi

Uwargida a Tambuwal ko Kebbe ta saba auna gyaɗa da mudu, kwano ko gwangwanin madara, amma littattafan girki da yawa da giram suke magana. Ga yadda za ki daidaita su.

Kofin awo mai cin mililita 240, idan aka cika shi da ɓararriyar gyaɗa aka shafe bakinsa, yana ɗaukar kusan giram 145. Wato kofi bakwai sun kai kilo ɗaya. Amma da zarar an daka ta, lissafi ya canza. Mai ɓarzaɓarza tana barin iska a tsakani, mai laushi kuwa man jikinta na sa ta dunƙule, ta cushe a kofi. Don haka ki auna ta tun tana ƙwaya, sannan ki soya, ki murje, ki daka.

Ki lura kuma: sabuwar gyaɗar kaka tana da danshi, ta fi busasshiya nauyi, suya kuma na ƙara rage mata nauyi. Awon tozo ma ba ɗaya yake da shafaffe ba.

Mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ki kai naki gwangwanin wurin mai sikeli, ki cika shi, a gaya miki nauyinsa, ki rubuta. Da shi za ki riƙa awon miyar taushe da kunun gyaɗa. Mai ƙuli-ƙulin sayarwa kuwa, ta daure ta sayi ƙaramin sikeli, domin da shi za ta san ribarta.